Ƙwan Zabo a Jakar Mama Edith

Ranar Alhamis, 14 ga Agusta, 2025, da hantsi, ana yayyafi, Ubangiji ya kira surukata, Mama Edith Samuel Shekari, a gidanta da ke Makera, Kaduna. Ta rasu tana da shekara saba'in da takwas, bayan gajeriyar jinya da har ta tafi ba ta yarda a kira ta jinya ba. Ta bar ɗanta George, wanda shi ne mijina, da 'yarta Debby, da jikoki. An kwantar da ita a ƙauyen marigayi mijinta, can gaba da Kachiya. Ni ce Scholastica, wadda tun ranar da na shigo gidan ta yanke hukuncin cewa sunana ya yi wa bakinta tsawo, ta mayar da ni Sikola, har unguwa ta ɗauka.

Mama, tun da kika tafi nake son in rubuta wannan, amma duk lokacin da na zauna sai idona ya koma gindin mangwaron tsakar gida. Sai in ga kamar kina nan kan tabarmarki, gilashi ya zamo zuwa ƙarshen hanci, farin yadin nan shimfiɗe a cinyarki, kina magana ƙasa-ƙasa da mutanen da suka mutu tun kafin a haifi uwata. Har yanzu idan la'asar ta yi nakan rage murya in na bi ta wurin. Ina kewarki ƙwarai, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Da abin kunya muka fara, ni da ke. Ina amarya, 'yar mutanen Filato haihuwar Kakuri, ina ji da kaina a girki, na je kasuwa na zaɓo zabuwa mai ƙiba, na soya ta da citta da yaji, na kawo miki har da durƙusawa. Kika buɗe kwano, kika daɗe kina kallo, kika mayar da murfi a hankali. Sannan kika ce, "Sikola, sannu da aiki. Amma kin soya mini kakana." George da ya kamata ya ja mini kunne tun farko yana gefe yana dariya har da riƙe ciki, kuma shi ya cinye naman tas.

A ranar kika zaunar da ni kika ba ni labarin. A zamanin farautar bayi, kakan kakanku ya kwashi iyalinsa ya gudu kan dutse. Garken zabbi suka bi bayansu suna tono suna kiwo, har suka shafe sawun ƙafafunsu, masu binsu suka rasa hanya suka juya. Tun daga nan gidanku ba ya cin zabo, ba ya cin ƙwansa, kuma idan ya yi kuka a daji akan tsaya a gaishe shi. Kika ce abin jinin uba yake bi. Namiji ya ba wa 'ya'yansa, mace ta riƙe nata har kabari, amma 'ya'yanta gidan ubansu suke bi. Shi ya sa George yake ta lasar yatsu babu abin da ya dame shi.

Sai daga baya na san abin da ke ƙarƙashin labarin. Ku biyu kaɗai mahaifinku ya haifa, ke da ƙaninki Albert. Yana ɗan shekara bakwai wani ma'aikacin jirgin ƙasa daga Kafanchan ya roƙa a ba shi yaron ya sa shi makaranta. Ke kika raka su har bakin rafi, ɗauke da ƙunshin kayansa a ka. Kamar yadda ake yi a lokacin, mutumin ya rubuta shi a makaranta da sunansa, kamar ɗan cikinsa. Aka yi ta canja masa wurin aiki, sannan hargitsin shekarun sittin ya zo, labari ya yanke. Abin da kawai ya iso ƙauye shi ne wani ya ce ya ga yaron a Kaduna. Da kika biyo mijinki kuka kama aiki a masaƙar Kakuri, mutane sun ɗauka albashi ya kawo ki. Ke kuwa kullum aka tashi aiki, fuskokin maza kike bi da kallo a bakin ƙofa.

Ba kewa ce kaɗai ta hana ki sakewa ba. A al'adarku, matar aure ba a saukar da ita kabari sai namiji daga jinin ubanta ya duba fuskarta, ya ce ya gani ya yarda, ya fara zuba mata ƙasa. Ɗanta ba ya iya tsaya mata, mijinta ba ya iyawa. Idan an rasa, sai a aro wani tsoho daga nesa a cikin dangi ya cika al'ada, mutane kuma su koma gida suna cewa wance ta tafi ba kowa. Sau da yawa na ji kina faɗi, ba da kuka ba, kamar mai tambayar farashin gishiri: ranar da na mutu, wa zai tsaya mini? Nakan ce miki mu Kiristoci ne, Yesu ya riga ya tsaya mana. Sai ki ce kin sani sarai, amma Yesu ma 'yan'uwansa sun san inda aka ajiye shi.

Daga neman mutum ɗaya kika ƙare da tattara gida gaba ɗaya. Lokacin da aka rufe masaƙa, abin da kika fito da shi shi ne ciwon baya da wani dogon farin yadi. A kansa kika fara ɗinka abin da kike kira itacen gidanmu. Kakan nan na kan dutse shi ne gindi, da baƙin zare. Maza rassa ne, da zare mai ruwan ƙasa. Matan da aka aurar kikan ja musu jan zare har bakin yadin, wai sun tafi amma ba su tsinke ba. Yara ganyaye ne. Karatunki bai wuce aji uku ba, amma haruffan da kike ɗinkawa sun fi rubutun alli na malamai da yawa kyau, har da ni da nake koyarwa.

Ba ki yarda da suna ba ko kaɗan. Kikan ce sunan mutumin kudancin Kaduna riga ce: an ba shi ɗaya a gida, an canja masa a wurin baftisma, makaranta ta liƙa masa sunan kawun da ya kawo shi birni, kamfani ya rubuta yadda kunnen akawu ya ji. Don haka ke ba kya tambayar sunan mutum. Sai ki ce daga wane dutse kakanninku suka sauko, kuma me ba ku ci a gidanku. Ba a yin jana'izar mutumin yankinku a Makera ko Nasarawa ko Kakuri ba ki shiga motar kai gawa gida ba. George yakan yi mita cewa kin fi direban motar asibiti sanin hanyar Kachiya. Can ƙauye kuwa, yayin da ake ta waƙoƙi a gaba, ke kina bayan gida tare da tsofaffin mata masu dama kunu, kina tsince musu acca kina jan su da hira, har su fara kiran matattu ɗaya bayan ɗaya. Ki dawo da ƙafa a kumbure da sunaye a ka, ki zauna gindin mangwaro ki zuba su a yadi kafin su zube.

Mutane da yawa sun amfana da wannan yawo naki. Ba zan manta Baba Samson ba, maigadin wani kamfani a Kudenda, wanda ya tsufa yana cewa shi ba shi da kowa a duniya. Kika yi masa tambayoyinki a bakin coci, bayan damina biyu kika kama hannunsa kika kai shi gaban wata mata da ke waƙa a ƙungiyar zumuntar mata ta cocinmu, wadda ya shekara da shekaru yana gaisarwa. 'Yar yayarsa ce. A ɗakinta ya ƙarasa rayuwarsa. Ranar da kika haɗa su kin yi rawa har ɗankwalinki ya faɗi, amma da muka dawo gida kin ƙi cin abinci. Na san dalili. Reshen Albert yana nan a yadinki, guntu, da allura soke a ƙarshensa.

Sai maganar ƙwai. Duk damina, da zabbi suka fara saka, sai ki sayi ƙwan zabo ki dafa ki naɗe a leda ki sa a jaka. Ke da ba kya ci. Idan kika ga namiji mai faɗin goshi irin na mahaifinku, ko mai wushirya, ko mai tafiya yana ɗan karkata kafaɗa, a mota ko a kasuwa ko a layin asibiti, sai ki miƙa masa ƙwai kina murmushi. Idan ya karɓa ya fasa, ki ce Allah ya sa albarka, ki wuce. Mama, kin ciyar da rabin mazan Kaduna ta Kudu. Har wasu 'yan acaɓa suka gano ki, suna hango ki su fara gyara goshi. Fasto ya taɓa zuwa gida ya yi miki nasiha a kan riƙe abubuwan gargajiya. Kika saurare shi da ladabi har ya gama, sannan kika ce ba bauta wa zabo kike yi ba, aike kike ba shi. Da zai tafi kika miƙa masa ƙwai biyu, ya karɓa.

Ni kaina na sha yi miki faɗa. Ina ganin mace mai mutunci irinki bai kamata ta zama abin dariyar 'yan tasha ba, kuma na faɗa miki haka da bakina mai kaifi da kika sani. Kika ce Albert yana da shekara bakwai ya tafi, zai iya manta yarenku, ya manta sunan ƙauye, ya manta fuskarki, amma abin da uwa ta hana yaro ci da tsawa ba ya fita daga cikinsa.

A daminar 2022 muna dawowa daga Kasuwar Litinin ta Kakuri, ni da ke, muka tari keke mai ƙafa uku. Mai keken magidanci ne, da 'yar furfura a gemu, da hula, da carbi rataye a madubi. Ni ban ga komai a tare da shi ba. Ke kuwa tun da muka zauna kike kallon bayan kunnensa. Da ruwa ya tsananta ya tsaya a gefen titi yana sauke labulen keke, sai na ji ƙarar leda, na ce a raina yau ma za a yi. Kika miƙa masa.

"Kai, Mama, na gode," in ji shi. "Ki yi haƙuri, mu a gidanmu ba ma cin zabo, ko ƙwansa. Babanmu ne ya hana, bai kuma taɓa gaya mana dalili ba."

Hannunki ya tsaya a miƙe. Da murya wadda ban san ki da ita ba kika tambaye shi ko baban nasa yana yin wani abu idan ya ji kukan zabo. Mutumin ya juyo gaba ɗaya ya dube ki. Ya ce yakan tsaya cak ya yi wata gaisuwa da yaren da ba su sani ba, su kuma suna yara suna yi masa dariya. Ya gwada faɗar kalmomin a karkace, ke kika ƙarasa masa su.

Sunansa Malam Ibrahim. Mahaifinsa kuwa, Malam Usman, yana yaro wani tela Bazazzagi ya tsince shi a tashar jirgi, ya riƙe shi, ya musulunta a hannunsa. Da ya girma ya yi aikin kanikanci a Kudenda, ya zauna a Nasarawa, tafiyar ƙafa daga gidanki, har rikicin shekarar 2000 ya sa ya kwashe iyali ya ƙetare kogin Kaduna zuwa gefen da Musulmi suka fi yawa. Ibrahim ya nuna miki hotonsa a waya, ga goshin, ga wushiryar, ga tabon faɗowa daga ɗorawa a haɓa. Sannan ya gaya miki cewa ya rasu shekaru kaɗan da suka wuce. Ba ki yi kuka a keken ba. Kin shafa fuskar wayar da babban yatsa, kin ce ashe ya yi ƙiba.

Na ɗauka an gama, saura murna. Ba haka ta kasance ba. Mako na zagayowa Ibrahim ya zo gida, ya durƙusa, ya ce su sun tashi sun san kansu Zazzagawa ne, a kan haka aka aurar da 'yan'uwansa mata, a kan haka aka ba su mata. Ya ce bai san abin da zai rushe ba idan ya kai wannan magana gida, a garin da kowa ya san gefen kogin da yake kwana. Ya roƙi ki bar abin a tsakaninku. Raina ya ɓaci matuƙa, har na buɗe baki zan gaya masa abin da kike bukata a wurinsa, kika taka mini ƙafa. Bayan ya tafi kika tara mu, ni da George da Debby, kika hana mu ko da wasa mu yi masa maganar jana'iza. Kika ce ba za ki roƙi ɗan ƙaninki ya zama ɗan ƙaninki ba.

Abin da kika samu shi ne Litinin. Duk Litinin yakan ƙetaro gada ya kai ki kasuwa, ko kina da sayayya ko ba ki da ita. Mama yake ce miki, kamar yadda yake ce wa kowace tsohuwa. Kina baya kina jan sa da hira, wane ne babba, wace ce ta haihu, wane ya shiga makaranta. Kina dawowa ki ɗauki allura. Reshen Albert ya tsawaita, ya yi 'ya'ya, ya cika da ganye, amma ko harafi ɗaya ba ki ɗinka a kansu ba. Kika ce suna na mai shi ne, sai ya bayar. Kuma daga wannan daminar ba ki sake dafa ƙwai ba.

Litinin ɗin da ta biyo bayan rasuwarki ya zo ɗaukarki, ya tarar da rumfa da kujeru a ƙofar gida. Babu wanda ya tuna ya sanar da shi. Ya shigo falo ya yi mana gaisuwa, idonsa ya sauka kan yadin da muka rataye a bango. Ya daɗe tsaye a gaban reshen nan marar suna, yana bin ganyayen da yatsa, leɓɓansa suna motsi. A daidai lokacin dattawan gidan mijinki suna gefe suna shawarar wanda za a aro ya tsaya miki, tunda gidan ubanki ya ƙare. Ban sani ba ko ya ji. Ya sa takalmansa ya fita.

Ranar jana'iza gari ya waye da hazo a kan duwatsu, gonakin citta sun yi kore shar. Tun ana sujadar jana'iza na hango wasu maza biyu da mace ɗaya cikin hijabi a gindin wata ɗorawa, nesa da taro. Na gane Ibrahim, amma na hana zuciyata sa rai, na ce ƙila gaisuwa kawai suka zo. Aka kai ki bakin kabari, zumuntar mata suka tsayar da waƙa, dattijon gidan ya ɗaga murya ya tambaya ko akwai wani daga gidan uban wannan mata. Tsohon da aka aro ya fara gyara sandarsa zai miƙe.

Sai taro ya fara darewa daga baya. Babban cikinsu, Alhaji Zakariyya'u, yayan Ibrahim, ya tako har gaban akwati ya tsaya. Goshin mahaifinki ne sak, har wata tsohuwa ta dafe ƙirji. Ya ce shi bai san yadda ake yi ba, a nuna masa. Aka buɗe, ya sunkuya ya dubi fuskarki, ya daɗe.

"Goggonmu ce," ya ce. "Yayar babanmu, uwa ɗaya uba ɗaya. Mun gani, mun yarda."

Ya durƙusa da farar rigarsa a cikin laka, ya ɗebi ƙasa da hannu biyu ya zuba. Ibrahim ya bi bayansa, yana kuka kamar yaro. Tsohon da aka aro ya koma ya zauna.

Daga baya ƙanwarsu ta gaya mini yadda aka yi. Ibrahim ya koma gida ran Litinin ya tara su ya faɗi komai a gaban mahaifiyarsu. Tsohuwar ta ce yanzu ta gane wani abu. Duk zamansu a Nasarawa, ran Lahadi da rana Malam Usman yakan ce zai je miƙe ƙafa, sai a gan shi tsaye a tsallaken titi daura da wata coci a Makera lokacin da ake tashi, yana kallon mata suna fitowa. Ta yi kishi a kai shekara da shekaru, bai taɓa yi mata bayani ba. Ita ta ce su tashi su je.

Wannan ne yake yawan dawo mini, Mama, musamman da rana idan na kishingiɗa. Ina ganinki kin fito daga coci da zanen zumunta, jaka a hammata, ƙwai a ciki, shi kuma yana tsallake da hularsa, motoci suna gilmawa a tsakaninku. Wani lokaci a mafarkin kikan juya, wani lokaci ba kya juyawa. Wani lokaci kuma ku biyun yara ne a bakin rafi, kin sauke ƙunshin kayan daga kanki kin ce ya fasa tafiyar, zabbi suna kiwo a bayanku. Ban san yadda Ubangiji yake shirya haɗuwar mutane a wurinsa ba, ban kuma isa in ce ba. Na dai san ya ga Lahadin nan duka.

Makon jiya sun zo Makera da matansu da 'ya'yansu, har da tsohuwar. Suka zauna gindin mangwaro, kowa ya nuna ganyensa ya faɗi sunansa. Alhaji Zakariyya'u ya ce kada a cire Albert, a ɗinka Usman a gefensa. Ni nake ɗinkin yanzu, da allurarki. Haruffana a karkace suke, na san da kin gani da kin sa na warware.

Ubangiji Allah, wanda ya san kowa da sunansa na fari, ya ji ƙanki, ya gafarta miki kurakuranki, ya ba ki hutu a wurin Yesu Almasihu wanda kika dogara gare shi. Ya ji ƙan ƙaninki, ya haskaka makwancinsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga George da Debby da jikokinki, da gidan marigayi Baba Samuel Shekari, da zumuntar mata ta cocinmu. Ina kuma miƙa ta ga gidan ubanki: Alhaji Zakariyya'u, da Malam Ibrahim, da 'yan'uwansu, da mahaifiyarsu. Allah ya ba mu haƙurin rashinki, ya riƙe mu tare a gefen kogin nan biyu.

Ki huta, Mama. An tsaya miki.

Surukarki,
Sikola